Daga Kyautar Uwa zuwa Farashin Ango: Sharhi a kan Littafin Veena Oldenburg game da Kisan Matan Aure a Indiya

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan littafin Veena Talwar Oldenburg na shekarar 2002, wanda ya bi diddigin kisan matan aure a Indiya saboda dukiyar da dangin miji ke nema daga iyayen amarya. Marubuciyar ta ɗora asalin wannan ta'asa a kan sauye-sauyen da mulkin mallakar Birtaniya ya kawo wa mallakar ƙasa da tsarin haraji a lardin Punjab. Maƙalar ta yarda da ita a kan cewa ɓarnar ta soma ne daga lokacin da dukiyar ta fita daga hannun mace. Sai dai ta nuna cewa bayanin bai isa ya ɗauki yaɗuwar al'adar bayan 1947 ba, kuma bai amsa tambayar da ta fi damun mai karatu Musulmi ba, wato yadda al'ummar da shari'arta ta wajabta sadaki ta kuma yanka wa 'ya mace gado ta wayi gari tana rasa 'ya'yanta ta wannan hanya.

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairun 2021 wata matar aure Musulma 'yar shekara 23 ta tsaya a bakin kogin Sabarmati da ke birnin Ahmedabad na jihar Gujarat, ta ɗauki bidiyon bankwana da wayarta, sannan ta faɗa ruwa. Mahaifinta ya shaida wa hukuma cewa tun bayan aurenta mijin da danginsa ke matsa mata ta karɓo musu kuɗi daga gida, kuma ya taɓa biya amma matsin bai tsaya ba. A watan Afrilun 2022 kotu ta yanke wa mijin ɗaurin shekara 10 bisa laifin tunzura ta ga halaka kanta. Lamarin ya girgiza Musulmin Indiya, limamai suka yi ta huɗuba a kansa, Hukumar Dokokin Iyali ta Musulmin Indiya kuma ta ƙaddamar da gangamin sauƙaƙa aure da ƙin karɓar dukiyar amarya.

Wannan baiwar Allah ɗaya ce daga cikin dubbai. Hukumar tattara alƙaluman laifuffuka ta Indiya ta ƙididdige mace-mace 6,450 masu nasaba da wannan dukiya a shekarar 2022 kaɗai, wato kusan mata 18 a kowace rana, kuma jihohin Uttar Pradesh da Bihar ne kan gaba. Wannan adadi na waɗanda aka kai ƙara ne kawai.

Bayani biyu ne suka fi yawo a bakin jama'a game da wannan musiba. Na farko yana cewa tsohuwar al'adar mabiya addinin Hindu ce da ta ƙi mutuwa. Na biyu, wanda ya fi karɓuwa a wurin masu wa'azi na kowane addini, yana cewa zamani ne ya lalata ɗabi'u, son abin duniya ya kori kunya da tausayi. Littafin da ke gabanmu, Dowry Murder: The Imperial Origins of a Cultural Crime, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga a 2002, ya zo da bayani na uku. Marubuciyarsa masaniyar tarihi ce, haifaffiyar Lucknow, wadda ta koyar a Jami'ar Birnin New York ta Amurka. Sunan littafin ma ya ƙunshi da'awarsa: laifin da ake jingina wa al'ada, asalinsa daga daular mallaka yake. Manufar wannan sharhi ita ce auna wannan da'awa, a ga abin da ta tabbatar da abin da ta kasa.

2.0 Gyaran kalma tukuna

Kafin a shiga littafin wajibi ne a gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare a fassarar labarai zuwa Hausa, inda ake cewa a Indiya mace ce ke biyan sadaki. Wannan fassara tana ɓatar da mai karatu. Sadaki haƙƙi ne da miji ke bai wa matarsa, ya zama mallakinta, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta wajabta. Abin da ake magana a kansa a Indiya kuwa dukiya ce da ke fitowa daga gidan amarya zuwa gidan ango: kuɗi, zinare, tufafi, kayan ɗaki, babur, mota, wani lokaci har gida. Da harshen Hindi ana kiransa dahej, da Urdu jahez, da Punjabi daaj. Kalmar jahez daga Larabci take, daga jahazu, wato kayan da ake shirya wa amarya ko matafiyi. Dokar hana wannan dukiya da majalisar Indiya ta kafa a 1961 ita kanta ta bambance su, domin ta fitar da sadakin Musulmi daga cikin abin da ta haramta. Saboda haka a wannan maƙala za a riƙa cewa jahez.

Akwai kuma kalma ta uku da hujjar littafin ta rataya a kanta, wato stridhan, dukiyar mace a tsohuwar dokar Hindu: kyaututtukan da iyaye da dangi suka ba ta lokacin aure, waɗanda ita ke da iko da su. Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar a 1985 cewa wannan dukiya mallakin mace ce ita kaɗai, mijin da ya riƙe ta ya ƙi mayarwa ya ci amana. Tambayar Oldenburg ita ce yadda dukiyar da aka san ta da sunan mace ta rikiɗe ta zama bashin da ake bin mahaifinta.

3.0 Da'awar littafin

Marubuciyar ta gina bincikenta a kan lardin Punjab, wanda Turawan Ingila suka mamaye a 1849. Ta ce kafin zuwansu daaj kaya ne da uwa ke tarawa sannu a hankali tun 'yarta tana ƙarama, mata ne ke shirya shi, mata ne ke kula da shi, kuma amarya na tafiya da shi ne a matsayin madogara idan rana ta ɓaci. Dangin ango ba su da bakin yanka adadinsa, neman ƙari ma abin kunya ne. Nauyin biki kuwa dangi da maƙwabta ne ke raba shi ta hanyar gudummawar da ake rama wa juna.

Abin da ya rushe wannan tsari, a ganinta, matakai ne na mulki waɗanda a zahiri ba su shafi aure ba. Turawa sun rubuta gonaki da sunan mutum ɗaya, namiji, suka mayar da ƙasa hajar da ake sayarwa ko a jinginar, alhali a da haƙƙoƙin cin moriyarta a tsakanin iyali suke, har da mata da zawarawa. Sun yanka haraji da tsabar kuɗi, a biya a ranar da aka ƙayyade, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Manomin da ya gaza sai ya faɗa hannun mai ba da bashi da ruwa, gonarsa ta salwanta. A irin wannan hali zinaren amarya da kuɗin da ta zo da su suka zama abin da gidan miji ke hange domin biyan haraji da fansar gona. Ga kuma ɗaukar soja da Turawa suka tsananta a Punjab bayan tawayen 1857, wanda ya sa ɗa namiji ya zama hanyar albashi da fansho da kyautar fili. Darajar ɗa ta hau, ta 'ya ta faɗi. Bugu da ƙari, lokacin da jami'an mallaka suka zo rubuta al'adun ƙauyuka domin su zama doka, dattawa maza masu gonaki suka tambaya, abin da waɗannan suka faɗa shi ya zama al'ada a kotu.

Sashen da ya fi kaifi a littafin shi ne wanda ya shafi kashe jarirai mata. Jami'an Birtaniya sun rubuta rahotanni suna cewa girman kan manyan ɗabaƙu da tsadar aurar da 'ya ne ke sa iyaye kashe jariransu, suka kafa dokar hana hakan a 1870, suka kuma yi ta tara shugabanni ana yarjejeniyar rage kuɗin biki. Oldenburg ta koma cikin takardun nasu ta nuna cewa ƙarancin 'ya'ya mata ya bayyana har a cikin al'ummomin da ango ne ke biyan dukiya ga iyayen amarya, waɗanda ba su da dalilin tsoron daaj. Idan haka ne, to daaj ba shi ne sanadi ba. Ta ce jingina laifin ga al'ada ya yi wa masu mulki amfani biyu: ya ba su hujjar zama a matsayin masu wayar da kai, ya kuma kawar da ido daga talaucin da harajinsu ya haifar.

A ƙarshen littafin ta dawo zamaninmu, ta kawo abin da ta ji daga bakin matan da ta zauna da su a cibiyar Saheli ta birnin Delhi a tsakiyar shekarun 1980. Ta lura cewa mata da yawa na shigar da kukansu da sunan jahez ne saboda shi doka da jama'a ke saurara, alhali a ƙarƙashinsa akwai duka, da wulaƙanci, da matsalolin shimfiɗa waɗanda kunya ke hana faɗa.

4.0 Inda hujjar ta yi ƙarfi

Babban abin da littafin ya tabbatar shi ne cewa sunan al'ada na iya zama ɗaya alhali haƙiƙarta ta sauya gaba ɗaya. Kayan da uwa ta bai wa 'yarta da son ranta, da kayan da surukai suka yanka suka ce sai an kawo, duka ana kiransu daaj, amma na farko kyauta ce, na biyu ƙwace ne. Ma'aunin da ke raba su tambayoyi uku ne: wa ya yanka adadin, wa ya mallaki kayan bayan biki, kuma me zai faru idan ba a kawo ba. Ɗalibin usulul fiƙhi zai ga kusancin wannan da rabewar da malamai suka yi tsakanin urfi ingantacce da urfi ɓatacce. Ƙa'idar da ke ba al'ada ƙarfin hukunci ba ta aiki sai an duba abin da al'adar ta ƙunsa a yau, domin hukunci yana bin haƙiƙa ne, suna ba ya halatta abin da ya zama zalunci.

Abu na biyu shi ne yadda ta nuna cewa dokar gona da ta haraji na iya shiga har ɗakin amarya. Mai wa'azin da ya taƙaita bayaninsa a kan taurin zuciya ya faɗi gaskiya, amma bai faɗi dalilin da ya sa zukata suka taurara a wannan wuri da wannan lokaci ba. Malaman maƙasidush shari'a sun daɗe da sanin cewa kiyaye dukiya da kiyaye rai da kiyaye zuriya a ɗaure suke da juna. Tarihin Punjab kamar yadda ta kawo shi misali ne na yadda taɓa ɗaya ke rusa sauran.

Abu na uku shi ne gargaɗinta game da doka. Bayan zanga-zangar da ƙungiyoyin mata suka yi a Delhi daga ƙarshen shekarun 1970 a kan amaren da ake ƙonawa da kananzir a ce risho ne ya fashe, majalisa ta ƙara sashe na 498A a kundin laifuffuka a 1983 domin hukunta cutar da matar aure, sannan sashe na 304B a 1986, wanda ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba idan mace ta mutu ta hanyar da ba a saba ba cikin shekara 7 da aurenta, aka kuma tabbatar an matsa mata a kan jahez gab da mutuwarta. Waɗannan tanade-tanade sun koma cikin sabon kundin da ya fara aiki a watan Yulin 2024. Duk da haka adadin mamatan bai sauka daga dubbai ba. Ra'ayin marubuciyar cewa hana jahez ba tare da tabbatar wa mace haƙƙin mallaka da gado ba tamkar raba ta ne da ɗan abin da ya rage mata, ra'ayi ne da ya cancanci a tsaya a kansa.

5.0 Inda hujjar ta yi rauni

Rauni na farko yana cikin sunan littafin. Binciken na Punjab ne, amma hukuncin ya hau kan Indiya baki ɗaya. Tun a 1789, shekara 60 kafin mamaye Punjab, jami'in Birtaniya Jonathan Duncan ya ba da rahoton kashe jarirai mata a cikin wata ƙabilar Rajput da ke kusa da Benares. Al'adar neman aurar da 'ya ga gidan da ya fi na ubanta daraja, wadda ita ce ke sa iyaye gasar dukiya domin samun ango, sananniya ce a cikin Rajput da kuma manyan Brahmin na Bengal tun kafin tsarin harajin da take magana a kansa. Oldenburg ba ta musanta cewa fifita ɗa namiji ya girmi Turawa ba, amma hoton da ta zana na zamanin da ya gabace su ya yi kyau fiye da yadda shaidunta za su iya ɗauka, domin mafi yawan abin da ta dogara da shi takardun Turawan ne da take tuhuma, tana karanta su ta bayan fage. Wannan hanya halattacciya ce a ilmin tarihi, sai dai tana rushe da'awar abokin hamayya fiye da yadda take gina ta mai ita.

Rauni na biyu ya fi girma. Turawa sun bar Indiya a 1947, amma jahez ya fi yaɗuwa da tsananta ne a ƙarni na 20, har bayan tafiyarsu. Ya shiga kudancin ƙasar, ya shiga ƙananan ɗabaƙun da a da ango ke biya, ya shiga Kiristoci da Sikh da Musulmi. Wani bincike da S. Anukriti da abokan aikinta suka fitar ta hannun Bankin Duniya a 2021, wanda ya duba aure kusan 40,000 da aka ɗaura a karkarar Indiya tsakanin 1960 da 2008, ya samu an biya jahez a kashi 95 cikin 100. Jihar Kerala, wadda a ƙidayar 2011 ta fi kowace jiha yawan masu karatu da rubutu, ta ga mutuwar wata ɗalibar likitancin gargajiya a 2021 bayan mijinta, ma'aikacin gwamnati, ya raina motar da aka ba shi, kuma kotu ta ɗaure shi shekara 10. Ba harajin Bature ne ya matsa wa wannan mutum ba. Masanin zamantakewa M. N. Srinivas ya riga ya yi nuni tun a 1984 cewa jahez na zamani yana tafiya ne da takardar shaidar karatu da aikin albashi, inda ango mai digiri ya zama haja mai farashi, ƙananan ɗabaƙu kuma suna kwaikwayon manya domin neman daraja. Haka nan ƙarancin 'ya'ya mata ya ci gaba da na'urar hoton ciki, har aka kafa dokar hana bayyana jinsin ɗan tayi a 1994. Ƙidayar 2011 ta samu yara mata 919 a kan kowane maza 1,000 'yan ƙasa da shekara 7, a Haryana kuwa 834 ne kacal.

Rauni na uku na ɗabi'a ne. Nemo asalin laifi a tarihi abu ne mai amfani, amma idan aka tsaya a nan sai ya zama mafaka. Surukar da ta zuba kananzir da mijin da ya kulle ƙofa mukallafai ne, kuma babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Marubuciyar ba ta wanke su ba, amma ginin littafin yana jan hankalin mai karatu zuwa ofishin jami'in haraji na ƙarni na 19 fiye da ɗakin girkin da aka yi kisan.

A nan ne kuma ya kamata a juya a auna bayanin masu cewa sauyin zamani ne kaɗai. Laifuffukan aure a Indiya ba daga kogi ɗaya suke kwarara ba. A 2007 an kashe wani saurayi da amaryarsa a Haryana saboda sun yi aure alhali zuriyarsu ta gotra ɗaya ce, bayan majalisar dattawan dangi da ake kira khap ta yi tir da auren. Kotu ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa a 2010, kafin kotun sama ta sassauta, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta haramta wa irin waɗannan majalisu tsoma baki a auren baligai. Waɗanda suka yi wannan kisa suna ganin tsofaffin ɗabi'u suke karewa. A ɗaya gefen kuma akwai kisan da wani saurayi ya yi wa budurwar da suke zaune tare babu aure a Delhi a 2022, wanda ya faru a inda babu waliyyi, babu dangi, babu mai tambaya. Kisan jahez yana tsakanin waɗannan biyu: tsohon tsarin fifikon ɗabaƙa da na gidan ango ya haɗu da sabuwar kasuwar mota da firiji da digiri. Wanda ya ce a koma wa al'ada bai ga gawar Haryana ba, wanda ya ce a watsar da ita bai ga ta Delhi ba.

6.0 Mas'alar da littafin ya bari: Musulmin Indiya

Musulmi su ne rukuni mafi yawa a Punjab ta zamanin mallaka, kuma a ƙidayar 2011 sun kai miliyan 172 a Indiya, kimanin kashi 14 cikin 100. Duk da haka littafin bai tsaya a kan shari'arsu tsayuwar da ta kamata ba, alhali a nan ne za a fi gwada da'awarsa. Ga al'umma da nassi ya bai wa matarta sadaki, ya hana miji karɓe ko kaɗan daga cikinsa a ayoyi na 20 da 21 na Suratun Nisa'i, ya yanka wa 'ya rabonta na gado a aya ta 11, ya ɗora ciyarwa da mazauni a kan miji, ya kuma yi tir da baƙin cikin haihuwar mace a Suratun Nahli da binne ta a Suratut Takwir. Amma binciken Bankin Duniya da aka ambata ya samu jahez na Musulmi bai yi ƙasa da na Hindu ba sai da kaɗan. Ta ina ɓarakar ta shigo?

Ƙofa ta farko gado ne, kuma a nan tarihin Oldenburg yana taimakawa fiye da yadda ita kanta ta yi amfani da shi. Dokar Punjab ta 1872 ta sa al'ada a gaba da shari'a a sha'anin gado, sai manyan masu gonaki Musulmi suka riƙe al'adar da ke hana 'ya mace gadon ƙasa. Da aka kafa dokar aiwatar da shari'ar Musulunci a sha'anin iyali a 1937, sai aka togace ƙasar noma daga cikinta, ko da yake wasu jihohin kudu sun cire togaciyar daga baya. Sakamakon haka jahez ya zama abin da ake rufe bakin 'ya da shi, a ce ta riga ta karɓi rabonta ranar biki. Wannan musanya ɓatacciya ce ta fuska biyu: gado haƙƙi ne da ba ya tabbata sai bayan mutuwar mai dukiya, kuma mallakinta ne ita kaɗai, jahez kuwa yana ƙarewa ne a hannun surukai.

Ƙofa ta biyu sadaki ne. Ya zama al'ada a wurare da yawa na ƙasar a rubuta adadi a takardar aure a bar shi ajalan, ba a biya sai an yi saki ko mutuwa, sau da yawa ma a nemi matar ta yafe. Jahez kuwa lakadan ake karɓarsa kafin a kai amarya. Da haka wajibi ya zama rubutu a takarda, abin da shari'a ba ta sani ba ya zama sharaɗin aure.

Ƙofa ta uku kafa'a ce, wato dacewar ma'aurata. Mafi yawan Musulmin Indiya Hanafawa ne, kuma mazhabarsu tana lura da nasaba da sana'a a wannan babi, saɓanin Imamu Malik da ya taƙaita ta a kan addini da kuɓuta daga aibobi. A ƙasar da tsarin ɗabaƙun haihuwa ya yi kaka-gida, wannan babi ya zama rigar da aka sanya wa rabewar Musulmi zuwa ashraf da ajlaf da arzal, rabewar da rahoton kwamitin Sachar na 2006 ya tabbatar da wanzuwarta. Idan aka ƙuntata da'irar mazan da suka dace da 'ya, farashin kowannensu sai ya hau.

Masu kare al'adar suna kafa hujja da kayan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya wa Nana Faɗima, Allah ya yarda da ita. Abin da Nasa'i da Ahmad suka ruwaito mayafi ne da salkar ruwa da matashin da aka cusa wa ciyawar izkhir. Sayyidina Ali bai nema ba, bai yanka ba, shi ne ma aka umarta ya ba da sulkensa sadaki, kuma a gidan Annabi ya tashi. Misalin da ya fi bayyana matsayin irin wannan kyauta shi ne sarƙar da Nana Khadija ta bai wa 'yarta Zainab lokacin aurenta, wadda ta ci gaba da zama mallakinta har ta aika da ita fansar mijinta bayan yaƙin Badar. Fiƙihun Hanafiyya kansa bai wajabta wa mace ko mahaifinta kayan ɗaki ba, kuma malaman ƙasar irin su Ashraf Ali Thanwi, wanda ya rasu a 1943, sun yi rubutu a kan ɓarnar bukukuwan aure. Abin da aka karɓa da matsin lamba yana ƙarƙashin hanin cin dukiyar mutane da ɓarna na aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, domin yardar da aka samu da tsoron sakin 'ya ba yarda ba ce.

Akwai abin lura a nan ga mabiya mazhabar Malikiyya. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ɗora wa mace yin kayan ɗaki gwargwadon al'ada daga sadakin da ta karɓa kafin tarewa, masu sharhi kuma sun bar ƙofar ƙari idan akwai sharaɗi ko urfi. Asalin hukuncin yana ɗaure da sadakin da miji ya bayar, kayan kuma nata ne. Amma a ƙasar Hausa, inda kayan ɗaki da gara sukan ninka sadaki sau da yawa, uba ya ci bashi ko ya sayar da gona, dangin miji kuma su zo ganin ɗaki su yi wa amarya gori, ya dace malamai su tambayi wane irin urfi ne wannan ƙofa ke shigarwa. Tambayoyi ukun nan da aka ambata a baya, wa ya yanka, wa ya mallaka, me zai faru idan ba a kawo ba, suna aiki a Kano da Zinder kamar yadda suke aiki a Lucknow.

7.0 Kammalawa

Littafin Oldenburg ya cancanci karatun ɗaliban shari'a da na tarihin addinai, domin ya koyar da yadda ake tuhumar bayanin da kowa ya yarda da shi, ya kuma tabbatar da cewa jahez ya zama makami ne lokacin da mace ta rasa iko da dukiyar da ake bayarwa da sunanta. Kuskurensa shi ne ɗora wa sanadi ɗaya nauyin da ya fi ƙarfinsa. Mulkin mallaka ya shirya ƙasar, amma fifikon ɗabaƙa ya riga shi zuwa, kwaɗayin kasuwar zamani kuma ya ci gaba da shuka bayan tafiyarsa.

Halin Musulmin Indiya ya ƙara wani darasi da littafin bai kawo ba. Samun hukunci a cikin littattafan fiƙihu bai tsare kowa ba matuƙar ba a biyan sadaki a hannu, ba a raba gado da 'ya'ya mata, kuma gidan uba ba ya karɓar 'yarsa idan ta dawo da kuka. Da yawa daga matan da ke cikin alƙaluman nan sun sanar da iyayensu halin da suke ciki kafin mutuwarsu, aka ba su haƙuri aka mayar da su, saboda an riga an kashe dukiya mai yawa kuma ana jin kunyar zawarci. Shari'a ta buɗe ƙofar khul'i da ta raba aure saboda cutarwa domin irin wannan rana. Aikin da ke gaban malamai, a can da nan, shi ne su mayar da waɗannan haƙƙoƙi daga takarda zuwa hannun masu su, su kuma bayyana wa masu ɗaura aure da waliyyai hukuncin dukiyar da aka karɓa da matsi. Allah ne mafi sani.